Haƙora 43 da 11: Nasiha ga Matasa kan Zaɓen Rashiyon Aksul a Tsohuwar Motar Gudu

A motar da ke ja da tayoyin baya, ƙarfin inji yana bi ta kuloci zuwa giyabos, daga nan farfela ta ɗauke shi ta ƙarƙashin mota ta kai shi aksul na baya. A tsakiyar aksul ɗin akwai wani kumburi mai kama da tukunya, kuma a cikinsa ne ƙarfin yake yin kwana ya rabu, rabi dama rabi hagu. Ƙarafa biyu masu haƙora ke wannan aiki. Ƙaramin da ke bakin farfela shi ne finiyon, babban faifan da finiyon ke juyawa kuma shi ne kambi. Idan aka raba yawan haƙoran kambi da yawan haƙoran finiyon, abin da ya fito shi ne rashiyon aksul. A motar MGB ta Ingila, kambi yana da haƙora 43, finiyon yana da 11, don haka rashiyonta 3.909 ne. Ma'ana, sai farfela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

Cikin wannan tukunya akwai wasu ƙananan giyoyi da ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota ta shiga kwana. Su ne ainihin difaranshal, kuma da sunansu ake kiran tukunyar gaba ɗaya, amma ba su da hannu a rashiyo. Kambi da finiyon ne kaɗai ke yanke shi. Duk yaron garejin da ya taɓa kwance aksul na Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko na Hilux, ya riƙe irin waɗannan ƙarafa a hannunsa. Tsarin ɗaya ne da na tsoffin motocin gudu masu kujera biyu da aka ƙera a Ingila, Italiya, Amurka da Japan daga shekarun 1950 zuwa na 1970, waɗanda masu sha'awa ke saye yau suna farfaɗowa. Matashin da irin wannan mota ta shigo hannunsa, tasa ce ko ta mai kawo gyara, ba ya daɗewa sai wani ya ba shi shawarar canja lambar aksul. Kafin ya karɓi shawarar, akwai abubuwan da ya wajaba ya sani bi da bi.

Abin da lambar ke bayarwa da abin da take karɓa

Haƙoran giya ba sa ƙara wa inji ƙarfin da bai zo da shi ba. Aikinsu musaya ne: su rage saurin juyi su ƙara ƙarfin murɗawa, ko su ƙara saurin su rage ƙarfin. Wanda ya taɓa hawa tudu a kan keke mai giya ya san wannan a cinyarsa. Idan sarƙa na kan babban faifan baya, feda tana sauƙi, tudu yana hawuwa, amma ƙafa tana ta juyi keken na rarrafe. Idan ta koma ƙaramin faifai, taku ɗaya yana cin ƙasa mai yawa, sai dai tashi daga tsaye ya zama aiki.

Haka aksul yake. Babbar lamba, kamar 4.3 ko 4.55, tana sa mota ta zabura da an taɓa totur, ta hau tudu ba tare da an sauko da giya ba, ta fita daga kwana da kuzari. Kuɗin wannan kuzari kuwa inji ke biya, domin yana juyi da yawa a kowace kilomita: ƙara ta yawaita, mai ya tafi, fistin da zobbansa su riƙa cinyewa da wuri. Ƙaramar lamba, kamar 3.3 ko 3.07, tana kwantar da inji a doguwar hanya, amma mota takan yi nauyin tashi, kuloci ya sha wahala a cunkoso, wuce babbar mota ya buƙaci sauko da giya. Taura biyu ba sa taunuwa lokaci guda, kuma babu lambar da ke ba da duka biyun.

Aksul shi ne na ƙarshe a jerin, saboda haka duk abin da giyabos ya aiko sai ya ninka shi. Wanda ya canja shi ya canja giya ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku, da ta huɗu, har da ribas. Mutane da yawa suna kwance aksul don maganin damuwar da ke cikin giya guda tak, sai su wayi gari sun ɓata sauran.

Akwai kuma ruɗanin suna da ke jawo asarar kuɗi. A takardun masu sayar da kaya na Turai da Amurka, babbar lamba ake kira "ta ƙasa" ko "gajera", ƙarama kuma ake kira "ta sama" ko "doguwa". Mai yin oda ya bar waɗannan laƙabobi, ya faɗi yawan haƙora: 43 da 11, ko 37 da 10, ko 41 da 9. Haƙora ba su da fassara biyu.

Abin da masu ƙera motar suka zaɓa

Kamfanin MG ya ƙera MGB a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, kuma an yi sama da guda 500,000. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798. A shekarunta na farko yana ba da ƙarfin doki kusan 95 a juyi 5,400 a minti, ƙarfin murɗawarsa kuma yana kai ƙololuwa a wajen juyi 3,000. Tsawon waɗannan shekaru 18, MGB mai silinda huɗu da giyar hannu da 3.909 take fitowa daga masana'anta.

'Yan uwanta na gida ɗaya suna nuna yadda injiniyoyin suke tunani. Yayarta MGA, wadda ta fito a 1955 da ƙaramin inji mai cc 1,489 da tayoyi masu inci 15, an ba ta 4.3. Da aka ƙara injin zuwa cc 1,622 a 1961, sai aka sauko da ita 4.1. MGB ta zo da inji mafi girma da tayoyi masu inci 14, aka ƙara saukowa. MGC mai silinda shida da cc 2,912, wadda aka yi daga 1967 zuwa 1969, ta fara fitowa da 3.07 da 3.307. MGB GT V8 kuwa, ta 1973 zuwa 1976, mai injin Rover na cc 3,528, an ba ta 3.07, domin ƙarfin murɗawarta bai yi nisa da ninkin na mai silinda huɗu ba.

Triumph TR6 ta ƙara fito da ƙa'idar fili. Wadda aka sayar a Ingila, mai injin da ake fesa wa mai, ta fara da ƙarfin doki wajen 150, aka ba ta 3.45. Wadda aka kai Amurka, saboda dokokin hayaƙi, kafireta aka sa mata, ƙarfinta ya tsaya wajen 105, sai aka ba ta 3.7 don ta cike gurbin. A Amurka ɗin ma, mai sayen sabuwar Chevrolet Corvette a tsakiyar shekarun 1960 yana iya zaɓa tun daga 3.08 har zuwa 4.56, gwargwadon injin da ya saya da abin da zai yi da motar.

Darasin a bayyane yake. Inji mai rauni yana neman babbar lamba, mai ƙarfi yana iya jan ƙarama, kuma girman taya yana cikin lissafin. Mutanen da suka zaɓi 3.909 sun yi haka ne bayan gwaji mai tsawo, da injin da motar a gabansu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, don haka lambar masana'anta ita ce mafari, kuma mai son barinta shi ke da nauyin kawo hujja. Hujjar takan samu. Lokacin da MGB ta fito, babban titin M1 na Ingila shekara uku kacal ke nan da buɗe shi, yawancin tafiya a ƙananan hanyoyi masu kwana ake yi. Mai irin motar a yau yana iya shafe awa biyu a gudu ɗaya bai taɓa birki ba. Ko kuma an canja injin, ko taya, ko giyabos. A irin wannan hali ne ake sake lissafi.

Aikin farko: sanin abin da ke cikin motar

Motar da ta shekara hamsin ko sittin ta ratsa hannaye da yawa, kuma abin da littafinta ya faɗa ba lallai ne shi ke cikin tukunyar ba. Wani lokaci akan sami lambar an buga ta a jikin aksul ko a kan ɗan ƙarfen da aka maƙala da noti, amma wannan shaida ce kan abin da aka sa tun farko. Sai an ƙirga ake tabbatarwa.

Ana iya ƙirgawa ba tare da an kwance komai ba. A tsayar da mota a ƙasa mai lebur, a tokare tayoyin gaba, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a ɗaga tayar baya guda ɗaya a bar ɗayar a ƙasa. A sa alamar alli a tayar da kuma a farfela. Idan taya ɗaya na tsaye, difaranshal yana sa ɗayar ta juya ninkin juyin kambi, don haka juyin taya biyu shi ne juyin kambi ɗaya. Mutum ɗaya ya juya tayar sau 20, wani ya ƙirga juyin farfela, sannan a raba da goma. Juyi 39 na nufin 3.9, juyi 37 na nufin 3.7, juyi 43 na nufin 4.3. Idan aksul ɗin mai hana zamewa ne, wanda ke riƙe tayoyin biyu tare, sai a ɗaga duka biyun a juya sau goma. Jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Kada kowa ya sa kansa ko hannunsa ƙarƙashin mota sai an ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka.

Lissafi kafin sifana

Abubuwa huɗu ke yanke juyin inji a kowane gudu: gudun kansa, kewayen taya, rashiyon aksul, da giyar da ake ciki. Giya ta huɗu a MGB kai tsaye take, wato farfela tana juyi daidai da inji. Taya mai lamba 165/80 R14, irin da ake yawan sa wa motar, tsayinta kusan milimita 620 ne, kuma idan nauyin mota ya danne ta tana cin kusan mita 1.9 a juyi ɗaya. Gudun kilomita 100 a awa shi ne mita 1,667 a minti. A raba wannan da 1.9, taya tana juyi 877 a minti. A ninka da rashiyo, a sami juyin inji.

Da 3.909, inji yana juyi kusan 3,430. Da 3.7 ya sauko 3,245, da 3.307 ya zama 2,900, da 3.07 ya zama 2,690. A ɗaya ɓangaren, 4.3 yana kai shi 3,770, 4.55 kuma ya kusa 4,000. A iyakar gudun manyan titunan Ingila, mil 70 ko kilomita 113 a awa, motar asali tana juyi kusan 3,870, kuma wannan ƙarar ce ke sa masu ita tunanin canji.

Lissafin da matasa suka fi mantawa shi ne na ɗaya ƙarshen. Giya ta ɗaya a giyabos ɗin MGB na ƙarshen shekarun 1960 tana da 3.44. A ninka da 3.909, a sami 13.4, wato sau nawa ake ninka ƙarfin inji kafin ya isa taya wajen tashi. Da 3.07 abin ya koma 10.6. An yi asarar kashi 21 cikin ɗari na ƙarfin tashi, kuma asarar tana nan a kowace giya. Mota mai mutum biyu da kaya a but, a tsaye a kan gangare cikin cunkoso, ita ke faɗin gaskiyar wannan lamba, warin kuloci kuma shi ne shaida. Duk lambar da ake tunani, a lissafa ta a wurare biyu, gudun doguwar tafiya da tashi daga tsaye, a rubuta sakamakon a takarda gefe da gefe.

Gudun takarda da gudun titi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton ƙaramar lamba tana ƙara iyakar gudu. A takarda, MGB mai 3.07 a juyi 5,400 tana yin kilomita 200 a awa. A titi ba za ta kusanci hakan ba. Iska ce ke tare mota, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana hauhawa ƙwarai: in an ninka gudu sau biyu, ana buƙatar ƙarfi sau takwas. Doki 95 suna kai wannan jikin mota wajen kilomita 165 ne, kuma da lambar asali suna isa can a daidai lokacin da inji ke bakin ƙarfinsa. Da 3.07, a kilomita 160 injin yana wajen juyi 4,300 ne, bai kai inda ƙarfinsa yake cika ba, sai ya tsaya nan. Motar ta rasa kuzarin tashi, ba ta kuma sami gudun da aka yi mata kwaɗayi ba. Babbar lamba ma tana da nata bango: da 4.55 allurar juyi tana taɓa jan layi na 6,000 tun mota tana kilomita 150.

Iyakar gudu ma ita ce lambar da ta fi ƙarancin amfani ga mai mota. Ƙure maleji a titin jama'a da motar da birkinta da jikinta na zamanin 1960 ne ganganci ne da ran mutum da na wasu. Abin da ya dace a duba shi ne inda inji yake zama a gudun da aka saba yi kullum. Inji irin na MGB yana jin daɗi tsakanin juyi 2,500 da 3,500, kusa da ƙololuwar ƙarfin murɗawarsa, inda ɗan taɓa totur ya isa a wuce wata mota. Idan aka danne shi ƙasa da 2,000 a babbar hanya ana taka totur sosai, yakan fara ƙwanƙwasa, boris na kiranshaf su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, man da aka so a rage ma bai ragu ba.

Halin injin ke ja gaba. Wanda aka sa wa kamshaf na tsere ƙarfinsa yakan koma sama, ya yi sanyi ƙasa da juyi 3,000, don haka yana neman babbar lamba da za ta riƙe shi a sama. Wanda aka ƙara wa girma, ko aka musanya da V8, yana da ƙarfi tun daga ƙasa, babbar lamba ɓarna ce a gare shi, domin giya ta ɗaya takan ƙare kafin mota ta tsallake mararraba.

Taya ma giya ce

Sau da yawa an riga an canja rashiyo ba a sani ba, ta hanyar taya. Mai son motarsa ta yi faɗin ƙafa yakan cire 165/80 R14 ya sa 185/60 R14. Sabuwar ta fi faɗi, amma tsayinta milimita 578 ne, ƙasa da tsohuwar da kusan kashi 7 cikin ɗari. Wannan daidai yake da mayar da 3.909 zuwa kusan 4.2. Sai mai motar ya fara kukan inji yana ihu a kan hanya, ya nufi aksul, alhali laifin yana ƙafa. Taya 185/70 R14 kuwa tsayinta milimita 615 ne, kusan ɗaya da ta asali. Saboda haka a fara yanke shawara kan tayar da motar za ta zauna da ita, sannan a yi maganar haƙora.

Gyara a giyabos ya fi gyara a aksul

Idan damuwar ita ce ƙarar inji a doguwar tafiya kawai, maganinta ba a aksul yake ba. Tun daga 1963 MG ta riƙa sayar da MGB da zaɓin obadiraib na kamfanin Laycock, wata ƙaramar na'ura da ke bayan giyabos, ana kunna ta da maɓalli. Na motocin baya-baya yana da 0.82. Da shi, 3.909 yana komawa kamar 3.2, juyi a kilomita 100 ya sauko daga 3,430 zuwa kusan 2,810, amma giya ta ɗaya da ta biyu suna nan da ƙarfinsu. Wasu kuma suna sa giyabos mai giya biyar, kamar na Ford Sierra, wanda giyarsa ta biyar ita ma wajen 0.82 take. Ta wannan hanya ce kaɗai ake samun kuzarin tashi da kwanciyar tafiya a mota ɗaya, domin an ƙara mataki ne a tsanin, ba a ɗaga tsanin gaba ɗaya ba.

Haɗa biyun kuma yana buƙatar hattara. Obadiraib a kan 3.07 yana ba da kusan 2.5, juyi 2,200 a kilomita 100. Injin V8 yana jan wannan cikin sauƙi. Mai silinda huɗu zai riƙa neman a sauko da giya a kowane ɗan tudu.

Hanyar da motar za ta bi

Masu tsere sun daɗe da sanin cewa hanya ke zaɓen lamba. A Le Mans ta Faransa, inda MGB ta shiga tseren awa 24 a 1963, 1964 da 1965, miƙaƙƙen titin Mulsanne ya kai kusan kilomita 6 babu kwana har zuwa 1990, don haka ƙaramar lamba ake sawa a can. A Shelsley Walsh ta Ingila, inda ake gasar hawan tudu tun 1905, tsawon hanyar mita 914 ne kacal, babbar lamba ce ke aiki. Mota ɗaya tana iya buƙatar haƙora daban a wuraren nan biyu.

Ga mai MGB ta tafiyar yau da kullum, hukuncin yakan fito kamar haka. Inji na asali da obadiraib: a bar 3.909 inda yake. Inji na asali babu obadiraib, tafiya kuma doguwa: a nemi obadiraib ko giya biyar tukuna, in bai samu ba 3.7 ɗan sassauci ne mara haɗari, ko da yake juyi 185 kawai yake ragewa, abin da zai yiwu bai kai kuɗin aikin ba. Inji mai kamshaf na tsere, a filin gasa ko hanyar duwatsu: 4.1 ko 4.3, sai 4.55 ga gajerun filaye. Injin V8: 3.07 ko 3.3. Lambar da aboki ya yaba ta yi masa ne da injinsa, da tayarsa, da hanyar garinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saye da ɗaurawa

MGB tana da aksul iri biyu, kuma kayansu ba sa shiga juna. Motocin farko marasa rufi, har wajen 1967, suna da wanda ake kira banjo saboda ya yi kama da abin kiɗan nan mai siffar gurmi. A wannan, ana zare sandunan aksul, a kwance notoci, difaranshal ya fito dunƙule guda, a saka wani. Ƙirar GT mai rufi ta 1965 ta zo da aksul na Salisbury mai bututu, daga baya duk motocin suka koma kansa. A wannan, a cikin tukunyar ake saita komai, har akwai ƙarfe na musamman da ake ɗan buɗa ta da shi. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar da irin aksul ɗin, a ƙirga tsagogin bakin sandunan aksul, a kuma tambaya ko sabon kambin zai zauna a kan tsohon mazauninsa. Idan tazarar lambobin ta yi yawa, girman finiyon yana canjawa, mazaunin ma yakan buƙaci sauyi ko aikin injin sassaƙa.

Kambi da finiyon ma'aurata ne. Tun a masana'anta ake goga su da juna har su saba, a buga musu lamba ɗaya. Kambin wannan da finiyon wancan ba sa zama lafiya ko da haƙoransu sun yi daidai. Idan na hannu ne, a duba fuskar kowane haƙori: rami-rami, ɓallewar baki, ko launin shuɗi na ƙuna duk dalilin bari ne. Araha ba ta ado, kuma aikin ɗaurawa yakan fi kayan tsada, don haka boris da silin mai sababbi ake sawa a lokaci guda.

Ɗaurawa tana da ma'auni uku: zurfin da finiyon ke shiga cikin kambi, matsin da ke kan boris, da ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, wanda a irin waɗannan motoci bai kai rubu'in milimita ba. Da siraran faranti ake daidaita su, da agogon awo ake dubawa, adadin kuma a littafin gyaran motar yake. Bayan haka a shafa wa haƙora shuni a juya, a ga inda suke haɗuwa. Tabon ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori, kada ya gudu baki ko gindi. A aksul mai bututu akwai wani zobe da ke lanƙwashewa yayin da ake ɗaure notin finiyon. In an wuce gona da iri, sassautawa ba ta mayar da shi, sai sabo. Mai koyo ya yi na farkonsa a gaban wanda ya saba, domin saitin da ya kauce kaɗan yana sa aksul kuka, kuma haƙoran da suka cinye a karkace ba sa komawa daidai.

Bayan an ɗaura

A waɗannan aksuloli finiyon yana ƙasa da tsakiyar kambi, saboda haka haƙoran suna gogar juna yayin da suke turawa. Wannan ke sa su buƙaci man giya mai jure matsi, irin EP 90, a cika har bakin ramin awo. Baƙin mai na inji ba ya wannan aiki. Sababbin haƙora suna son lallaɓawa a kilomita 800 na farko, ba fizga ba dogon gudu, sannan a zubar da man a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, a zuba sabo. Kukan da ke zuwa idan an taka totur, ko idan an ɗaga ƙafa, yana nuna saitin haƙora. Gurnanin da ba ya canjawa da totur ya fi nuna boris.

Maleji daga giyabos yake karɓar juyi, bai san an canja aksul ba. Motar da ta bar 3.909 ta koma 3.07 za ta nuna 79 alhali tana kilomita 100, lissafin nisan tafiya ma ya ragu daidai da haka. Wadda ta koma 4.3 za ta nuna 110. A gwada da na'urar GPS a miƙaƙƙiyar hanya, sannan a kai agogon a saita shi ko a canja ɗan giyar da ke juya wayarsa. Babbar lamba tana kuma sa farfela juyi da sauri a kowane gudu, don haka gaɓoɓinta da suka saki za su fara girgiza motar.

Gwajin gaskiya a hanyar da aka saba bi ake yin sa, da irin kayan da aka saba ɗauka: tashi a kan tudu, wuce mota a giya ta huɗu, da awa guda a gudun tafiya ana kallon allurar juyi da ta zafi. A kwatanta da abin da aka rubuta a takarda tun farko. Tsohon kambi da finiyon kuwa ba na bola ba ne. A wanke su, a shafa musu mai, a ɗaure su tare, a rubuta yawan haƙoransu da ranar da aka cire su a ajiye. Darajar tsohuwar mota tana tare da kayanta na asali, kuma in sabuwar lambar ba ta karɓi motar ba, da su ake komawa.